Me ya sa leda take narkewa a bakin murhu, amma yashin suyar gyaɗa ba ya narkewa?

Ɗan Ajin Ƙarshe ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da iyayena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na babbar sakandare, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC, kuma akwai wani wuri a darasin kemistiri da ya tsaya mini a rai tun zangon da ya wuce, na karanta shi ya fi a ƙirga amma har yanzu bai zauna mini ba. An koya mana cewa ɗaurin kobalan, wato ɗaurin da atam biyu suke ƙullawa ta hanyar yin tarayya a kan ilektiron, ɗauri ne mai ƙarfin gaske, kuma shi ne dalilin da ya sa daimon da girafayit (baƙin abin rubutu da ke cikin fensir) da yashi suke jure wuta mai tsanani. Da muka iso babin folima kuma sai aka ce mana leda da roba su ma manyan molekul ne, atam dubbai a jere, kuma irin wannan ɗaurin ne ya haɗa su.

To, a nan ne kaina ya ɗaure. Mahaifiyata tana suyar gyaɗar sayarwa, kuma ni ne nake hura mata wuta da yamma. Yashin da take zubawa a kasko yana shan wuta kullum, wata da watanni, har ya yi baƙi ƙirin, amma ban taɓa ganin ko alamar narkewa a jikinsa ba. Ledar da muke ƙulla gyaɗar a ciki kuwa, idan iska ta kaɗa ta zuwa bakin murhu, kafin mutum ya miƙa hannu ta nannaɗe ta fara ɗiga. Idan ɗauri iri ɗaya ne a cikinsu, mene ne ya raba su haka? Kuma idan aka tambaye ni a jarrabawa ko folima tana cikin katafaren ginin kobalan, wato rukunin su daimon da yashi, me zan amsa, tun da littafinmu duka biyun ya kira su manya? Ina roƙon a taimaka mini da bayani. Allah ya saka da alheri.

Malamar Kemistiri ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka tana da kyau, kuma ka yi daidai da ka ɗauko ta daga bakin murhu, domin a can amsar take. Abin da ya rikita ka shi ne zaton da kake yi cewa idan abu ya narke, ɗaurin kobalan ɗinsa ne ya tsinke. A wajen yashi haka ne, amma a wajen leda ba haka ba ne. Duk lokacin da aka tambaye ka dalilin narkewar wani abu, tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce: mene ne wuta za ta raba kafin wannan abu ya iya kwarara?

Mu fara da leda. Sunanta a kimiyya foliyetilin, kuma ana yin ta ne daga wata iska mai suna etilin, wadda kowane molekul ɗinta yake da kabon 2 da haidirojin 4, da ɗauri mai ninki biyu tsakanin kabon ɗin biyu. A masana'anta ana buɗe ɗaya daga cikin ninkin nan, sai kowane molekul ya sami hannu biyu a sake, ya kama na gabansa ya kama na bayansa, haka har a sami sarƙa mai kabon dubbai. Ka ɗauka kowane atam na kabon yana da hannu 4, haidirojin kuma hannu 1 kacal yake da shi. A cikin sarƙar leda, kowane kabon ya ba da hannu biyu ga maƙwabtansa na kabon, sauran biyun kuma haidirojin ne ya kama su. Tun da haidirojin ba shi da hannu na biyu, duk inda ya kama hanya ta ƙare ke nan. Saboda haka sarƙar tana iya tsawo gaba da baya yadda ta ga dama, amma ta gefe an toshe ta, ba ta da hannun da za ta riƙe sarƙar da ke kwance kusa da ita.

Abin da yake haɗa sarƙa da sarƙa shi ne wani ja mai rauni da ake kira jan Van der Waals, kuma ƙarfinsa bai kama ƙafar ɗaurin kobalan ba. Idan leda ta kusanci wuta, zafin digiri 110 zuwa 115 a ma'aunin Selshiyos ya isa ya sa sarƙoƙin su saki juna su fara zamewa, amma kowace sarƙa tana nan da ranta, babu ɗaurin kobalan ko ɗaya da ya tsinke. Hujjar wannan ita ce idan ɗigon ya huce yana komawa roba mai tauri. Sai an kai zafi sama da digiri 400 ne sarƙoƙin kansu suke fara gutsuttsurewa, a sami mai da iskar gas, kuma wannan ba narkewa ba ce, rushewa ce.

Akwai wani tsani da nake son ɗalibaina su riƙe, domin yana nuna cewa leda ba baƙuwa ba ce a cikin danginta. Gas ɗin girki yana da kabon 3 ko 4 a sarƙa, shi ya sa yake iska. Fetur yana da kimanin 5 zuwa 12, ya zama ruwa. Kakin kyandir yana da 20 zuwa 40, ya daskare amma yana da laushi. Leda tana da dubbai, ta yi ƙwari har ana ɗaukar kaya da ita. Ɗaurin da ke cikin sarƙar bai canza ba daga farkon tsanin zuwa ƙarshensa. Tsawon sarƙar ne yake ƙaruwa, jan da ke tsakaninsu yana taruwa, suna kuma ƙara sarƙewa da juna kamar zaren da aka cusa a kwando ba a naɗe ba.

Yanzu ka dubi daimon, wanda wasu suke kira lu'ulu'u. Babu haidirojin a cikinsa ko kaɗan, saboda haka hannayen kabon huɗu duka kabon suka kama, kowanne daga cikin waɗannan huɗun kuma ya kama wasu, ta sama da ƙasa da kowace kusurwa, babu inda hanya ta ƙare sai a bakin dutsen. Tazarar da ke tsakanin kabon da kabon nanomita 0.154 ce (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kusurwar da ke tsakanin hannayen kuma digiri 109.5, kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne kusan wannan tazarar da wannan kusurwar ce a cikin sarƙar leda. Bambancin kawai shi ne a daimon babu wani abu da za a kira molekul ɗaya a ware shi daga ɗan'uwansa, dutsen gaba ɗayansa gini ɗaya ne. William Henry Bragg da ɗansa Lawrence Bragg ne suka tabbatar da wannan tsari a Ingila a 1913 ta amfani da hasken eksire, kuma suka karɓi kyautar Nobel a 1915 saboda aikinsu na gano tsarin duwatsu ta wannan hanya.

Yashin mahaifiyarka shi ma haka yake, sai dai tubalinsa biyu ne. Mafi yawansa silika ne, inda kowane atam na silikon ya kama oksijin 4, kowane oksijin kuma, da yake hannunsa biyu ne, ya zama gada tsakanin silikon biyu. Ka lura da bambancin oksijin da haidirojin a nan: ɗaya yana toshe hanya, ɗaya yana ƙetarar da ita. Kafin yashi ya kwarara dole a tsinka waɗannan gadoji masu yawan gaske, shi ya sa sai an kai kimanin digiri 1,700, zafin da itacen girki ba zai taɓa kawowa ba. Masu jarrabawa suna son kwatanta silika da iskar kabon dayoksaid, domin a rubuce sun yi kama, SiO2 da CO2, kuma silikon yana ƙasan kabon a rukuni ɗaya na jadawalin sinadarai. Amma kabon ƙaramin atam ne da yake iya ƙulla ɗauri mai ninki biyu da oksijin biyu, hannayensa su ƙare a nan, a sami ɗan ƙaramin molekul mai atam 3 wanda tun a digiri 78 ƙasa da sifiri ya riga ya zama iska. Silikon ya fi girma, ninki biyu ba ya zauna masa da kyau, sai ya raba hannayensa ga oksijin huɗu, gini ya tashi.

Amsarka ta jarrabawa ke nan: folima irin leda manyan molekul ne masu zaman kansu, ɗaurin kobalan a cikin sarƙa, ja mai rauni tsakanin sarƙoƙi, katafaren ginin kobalan kuwa ɗauri ne da ya ratsa ko'ina babu yankewa. Kada ka rubuta cewa ɗaurin kobalan na leda yana da rauni, wannan kuskure ne da yake cinye wa ɗalibai maki kowace shekara.

Mai Injin Roba ya rubuta:

Malama, Allah ya ƙara basira, kin warware zaren yadda ya kamata. Ni ba malami ba ne, na yi difloma ce a fannin sarrafa roba, kuma na shafe shekaru ina aiki a wurin da ake niƙa tsofaffin robobi ana mayar da su sababbin kaya a Kano, saboda haka zan ƙara abin da hannuna ya taɓa, tare da wani ɗan gyara a kan maganar cewa folima sarƙoƙi ne masu zaman kansu, domin ba dukansu ba ne haka.

Abin da Malama ta bayyana shi ne tushen sana'armu gaba ɗaya. 'Yan jari-bola suna kawo mana fasassun bokitai da butoci da jarkoki, mu tsince, mu wanke, mu niƙa, mu narkar, mu zuba a sabon ƙira, kuma abin yana yiwuwa ne kawai saboda wuta ba ta tsinka sarƙoƙin, raba su take yi. Mai liƙin roba da yake yawo unguwa-unguwa da ɗan gwangwanin garwashi da guntun ƙarfe shi ma da wannan ilimin yake aiki: yana ɗora ƙarfe mai zafi a kan tsagar baho, sarƙoƙin ɓangarorin biyu su saki jiki su cuɗanya, idan wurin ya huce sun sarƙe da juna. Kuma duk mai wannan sana'a ya san cewa sai da guntun roba irin ta bahon liƙin yake kamawa, domin sarƙoƙi mabambanta ba sa son cuɗanya. Shi ya sa muke duba 'yar lambar nan da ke cikin alama mai kusurwa uku a gindin kaya, wadda aka fara sakawa a Amurka a 1988: lamba 1 ta gorar ruwa da lemo ce, 2 ta jarka, 3 ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki, 4 ta leda mai laushi, 5 kuma ta buhun hatsi da kujerun roba da yawancin bokitai.

Lamba 2 da lamba 4 abin lura ne ga ɗalibi, domin duka biyun foliyetilin ne, daga iska ɗaya aka yi su. Ta farko da aka samu ita ce mai laushin, wadda Reginald Gibson da Eric Fawcett suka ci karo da ita a kamfanin ICI a Ingila a 1933, lokacin da suke gwada etilin a ƙarƙashin matsi mai tsananin gaske. Sarƙoƙin da wannan hanya take bayarwa suna da rassa da yawa, kamar ƙayar da aka sara aka tara, ba sa kwanciya kusa da juna, saboda haka jan da ke tsakaninsu kaɗan ne. A 1953 Karl Ziegler a Jamus ya gano sinadarin da yake sa sarƙar ta fito miƙaƙƙiya kusan babu reshe, irin karan da aka jera aka ɗaure, sai aka sami roba mai ƙwari wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 130. Shi da Giulio Natta na Italiya, wanda ya yi irin wannan aiki a kan folifirofilin, wato robar nan mai lamba 5, sun raba kyautar Nobel a 1963. A Najeriya ana yin waɗannan robobi biyu, foliyetilin da folifirofilin, a masana'antar Eleme da ke jihar Ribas.

Gyaran da nake son yi shi ne akwai robar da ba ma saya ko kyauta aka kawo ta, domin ba ta narkewa. Hannun tukunya baƙi, da tsohon makunnin lantarki, da farantin melamin, da tayar mota, idan ka sa musu wuta sai dai su yi hayaƙi su ƙone su zama gawayi, ba za su taɓa kwarara ba. Dalili shi ne an ƙulla gadoji na ɗaurin kobalan tsakanin sarƙa da sarƙa, abin ya tashi daga tarin zare ya koma raga. Ɗanyen ƙaron roba yana danƙo da zafi, yana sandarewa da sanyi, har sai da Charles Goodyear a Amurka ya gano a 1839 cewa idan aka dafa shi da farar wuta yana daidaita. Atam ɗin farar wuta ne suke zama gadojin. Idan gadojin kaɗan ne, a sami roba mai miƙewa ta dawo, idan aka yawaita su kuma ta yi tauri kamar ƙaho. Leo Baekeland ya yi wata roba mai tauri da ake kira Bakelite a 1907, ita kuwa raga ce tun daga tushe. To Malama, irin waɗannan a wane gida za a ajiye su? A ganina sun fi kusa da yashi a kan leda.

Ina kuma jan kunnen ɗanmu da kada son gwaji ya sa ya riƙa ƙona robobi yana shaƙa, musamman mai lamba 3, domin tana da kulorin a cikinta, hayaƙinta yana ɗauke da iskar asid mai cin huhu da ido.

Ɗan Ajin Ƙarshe ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Malama, na gode Baba. Maganar haidirojin mai toshe hanya da oksijin mai zama gada ta buɗe mini ido, kuma yanzu na gane abin da ya sa gorar ruwa take motsewa idan aka zuba mata kunu mai zafi alhali ba ta narke ba. Saura abu ɗaya. Girafayit kabon ne zalla kamar daimon, littafi ya sa shi cikin katafaren gini, ya ce yana jure zafi sama da digiri 3,000, amma kuma shi ne bakin fensir da yake gogewa a takarda da ɗan dannawa kaɗan. Ta yaya abu ɗaya zai zama mai laushi haka kuma ya gagari wuta? Sannan me ya sa shi yake ɗaukar lantarki, daimon ba ya ɗauka?

Malamar Kemistiri ta sake rubutawa:

Kafin in amsa maka, ɗana, bari in karɓi gyaran Mai Injin Roba, domin gaskiya ya faɗa. Roba mai gadoji raga ce ta ɗaurin kobalan, kuma ana iya cewa tayar mota kusan molekul ɗaya ce babba. Abin da ya sa littattafan sakandare ba sa lissafa ta tare da daimon da silika shi ne ragarta ba ta da tsari mai maimaita kansa, kuma wuta tana rusa ta tun a 'yan ɗaruruwan digiri saboda haidirojin da sauran atam ɗin da ke jikinta. A jarrabawa ka kira ta folima mai gadoji wadda ba ta sake narkewa, ka bar sunan katafaren gini ga daimon da girafayit da silika, amma ka riƙe a zuciyarka cewa iyakar ba katanga ba ce.

Girafayit yana tsakiyar hanya ne tsakanin leda da daimon. A leda ɗaurin ya tafi ta fuska ɗaya, tsawo kawai. A daimon ya tafi ta fuska uku. A girafayit ya tafi ta fuska biyu, tsawo da faɗi, domin kowane kabon ya kama uku ne kawai, suka yi shimfiɗa mai gidaje masu kusurwa shida irin na saƙar zuma. A cikin shimfiɗar tazarar kabon da kabon nanomita 0.142 ce, wato ɗaurin ya ma fi na daimon gajarta da ƙarfi, amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa tazarar 0.335 ce, fiye da ninki biyu, kuma jan nan mai rauni ne kaɗai yake riƙe da su. Ka ɗauka tabarmi ne sababbi aka jibga: kowace tabarma tana da wuyar yagewa, amma turawa kaɗan ta isa ta zame daga kan 'yar'uwarta. Rubutu da fensir zamewar shimfiɗu ne, ba tsinka ɗauri ba. Wuta kuwa ba za ta mayar da shi ruwa ko iska ba sai ta wargaza shimfiɗun kansu, domin kowace shimfiɗa ta yi faɗin da ba za ta iya yawo kamar sarƙar leda ba, shi ya sa sai wajen digiri 3,600 yake tashi ya zama iska kai tsaye. Wannan sarari da ke tsakanin shimfiɗu shi ne kuma ya sa ya fi daimon sauƙin nauyi, kimanin giram 2.2 a kowane santimita kubik, daimon kuwa 3.5.

Hannu na huɗu da kabon bai yi amfani da shi ba shi ne amsar tambayarka ta lantarki. Ilektiron ɗin nan ba a ɗaure yake tsakanin atam biyu ba, yana yawo a faɗin shimfiɗar gaba ɗaya, kuma lantarki ba komai ba ne illa tafiyar irin waɗannan. Baƙin sandan da ke tsakiyar batirin rediyo kabon ne da aka sa don wannan aiki. A daimon ilektiron huɗun duka suna bakin aiki a cikin ɗauri, babu mai yawo, saboda haka ba ya ɗaukar lantarki, ko da yake yana ɗaukar zafi fiye da jan ƙarfe har kusan ninki biyar, domin girgizar atam tana ratsa gininsa mai tsauri da sauri. Haruffan da kake gani a jikin fensir ma suna da alaƙa da darasin nan: tun 1795 Nicolas-Jacques Conté a Faransa ya fara cuɗa garin girafayit da yumɓu yana gasawa, kuma har yau idan yumɓu ya yi yawa fensir yana tauri ya yi rubutu fari-fari, shi ne mai H, idan girafayit ya rinjaya ya yi laushi da baƙi, shi ne mai B. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov a Jami'ar Mancesta suka yi ta ɓare girafayit da salatif har suka ware shimfiɗa guda ɗaya mai kaurin atam ɗaya, wadda ake kira girafin, aikin da ya ba su Nobel a 2010.

Wani abu kuma da ya kamata ka kiyaye shi ne jure narkewa daban, jure ƙonewa daban. Daimon kabon ne, kuma idan aka gasa shi a cikin iska zuwa wajen digiri 800 yana ci da wuta ya zama kabon dayoksaid. Antoine Lavoisier ya ƙona shi a Faransa a 1772 da hasken rana da ya tara da babban gilashi, Smithson Tennant kuma ya nuna a 1797 cewa iskar da yake bayarwa daidai take da wadda gawayi mai nauyinsa yake bayarwa. Yashi shi ne ba ya ƙonewa sam, domin silikon ɗinsa ya riga ya ɗauki duk oksijin da zai iya ɗauka. Baƙin da ka ga yashin kasko ya yi ba nasa ba ne, man gyaɗa ne da ɓawonta suka ƙone suka lulluɓe shi.

Dattijon Likitan Dabbobi ya rubuta:

Na daɗe ina karanta wannan tattaunawa ina jin daɗi, kuma ko da yake kemistiri ba shi ne fannina ba, aikin dabbobi ya tilasta mini sanin wani ɓangare nasa da ba a taɓo ba, wato folimar da Allah ya halitta tun kafin a gina masana'anta. Jikana, gyaɗar da kuke soyawa da itacen da kake hurawa da rigar audugar da ke jikinka duk suna ɗauke da folima. Sitacin da ke cikin gero da selulos ɗin da ke cikin karan geron tubalinsu ɗaya ne, sukarin gulukos, bambancinsu kawai yadda aka juya kowane tubali wajen ɗaura shi da na gaba. A sitaci ɗaurin yana sa sarƙar ta lanƙwashe ta yi nannaɗe, ruwan zafi ya shige ta, a dama kunu ya yi kauri. A selulos kowane gulukos a kife yake idan aka gwada shi da maƙwabcinsa, sarƙar ta fito a miƙe, dubbai su jeru su riƙe juna da ɗaurin haidirojin mai yawan gaske, wato wani ja tsakanin sarƙoƙi da ya fi na Van der Waals ƙarfi, har ya zama wuta tana rusa sarƙar kafin ta iya raba ta da 'yan'uwanta. Shi ya sa auduga take ƙonewa ta bar toka, yadin roba kuwa ya narke ya manne a fata, abin da ya kamata duk mai aiki kusa da murhu ya sani. Ƙaron da ake tsinta a jikin bishiyar ɗakwara a Sudan da Chadi da arewacin Najeriya shi ma folima ne na sukari, sai dai mai rassa da yawa, shi ya sa yake narkewa a ruwa.

Fahimtar nan da Malama take bayarwa a sauƙaƙe ba ta zo da sauƙi ba. A 1920 da Hermann Staudinger, Bajamushe mai koyarwa a Zurik a lokacin, ya ce roba da selulos dogayen sarƙoƙi ne na ɗaurin kobalan, manyan masana da yawa sun ƙi yarda, suna ganin ƙananan molekul ne kawai suka dunƙule da ja mai rauni. Wato ainihin tambayar ɗanmu, wane ɗauri ne a ciki kuma wane ne a tsakani, ita ce aka shafe shekaru ana jayayya a kanta, kuma sai a 1953 aka ba shi Nobel.

Inda abin ya shafe ni shi ne cikin tumbi. Saniya da tunkiya da akuya ba su da sinadarin narkar da selulos na kansu, ƙananan halittun da ke zaune a tumbinsu ne suke da makamin tsinka wancan ɗauri, kamar yadda gara ma take dogara da irinsu wajen cin itace. Amma sarƙar leda kabon ne da kabon a jere, an lulluɓe ta da haidirojin, babu oksijin a tsakani da sinadarin narkarwa zai kama ya yanka, ruwa ma ba ya jiƙa ta. Na sha buɗe cikin akuyar gari wadda take ramewa alhali cikinta a kumbure yake, in tarar da ledoji sun murɗe sun zama dunƙule ɗaya mai tauri kamar igiyar da aka tufka, wasu har rubutun jikinsu bai goge ba, sun cika tumbin babu wurin da abinci zai zauna. Ledar da zafin digiri 115 yake narkarwa a bakin murhu, a cikin tumbi mai zafin digiri 39 tana iya shekara ba abin da ya same ta. Saboda haka, jikana, ledar da iska ta kwashe muku a wurin suya, ka daure ka bi ta ka tsince kafin dabbobin unguwa su riga ka, domin ƙanshin gyaɗa da gishirin da ke jikinta su ne suke jawo su.